Layin Mamuda

A Sheme, in ka ce Mamuda mai intalok, kowa ya san wanda kake nufi: gajere, mai furfurar da rabinta ƙurar siminti ce, mai magana da ƙarfi don ƙarar injin yanka ta cinye masa kunne ɗaya. Shekara goma sha huɗu yana shimfiɗa daɓen siminti daga Faskari zuwa Ƙanƙara har Sabuwa. Hannunsa kuwa sai dai a ce masha Allah. Ya ja layi da gawayi, ya ɗora faifan injin, dutse ya rabe kamar an yanka sabulu.

Amma akwai aiki ɗaya da ba ya son a yaba masa, shi ne kuma mutane suka fi yabawa: filin sallar bakin kasuwa.

Lokacin da 'yan kasuwa suka sa shi daɓe filin, Malam Abdulganiyu, limamin wurin, shi ya fito da kansa ya kafa turaku biyu, ya ɗaura igiya, ya ce, "Ga gabas nan. Layinka ya bi igiyar ga, don da shi za a riƙa daidaita sahu."

Mamuda ya duba igiya, ya duba katanga. Ita katangar filin, titi ta bi, ba alƙibla ba. In ya bi igiya, duk dutsen da ya taɓa katanga sai an yanke shi a karkace, fiye da ɗari biyu. Faifansa ya riga ya cinye, sabo sai an je Funtuwa, ga wani aiki na jiransa a Mairuwa. Malam na juya baya, ya tuge turke ɗaya ya matsar da shi taku biyu, igiya ta daidaita da katanga. Ya ce a ransa, taku biyu me zai yi? Kwana uku ya gama, aka yi ta sa masa albarka.

Shekara tara ke nan. Duk ranar kasuwa sahu biyar, shida, kowa ya jera yatsunsa a kan layin Mamuda. Shi kuwa ya daina salla a wurin. Matarsa Saudatu takan tsokane shi, wai mai daɓe ya raina daɓensa. Yakan yi dariyar yaƙe, abin na cinsa. Sau nawa ya ɗaura niyyar faɗa, ya iso bakin filin, kunya ta mayar da shi.

Bara idanun Malam suka tafi. Ran nan Mamuda zai wuce da injinsa ɗaure a bayan babur, sai ya hango tsohon shi kaɗai a filin, da hantsi, zai yi walaha. Malam ya tuɓe takalmi, yana laluben tsagin dutse da babban yatsan ƙafa. Da ya samu, ya daidaita dugadugansa a kai, hankali kwance. Mamuda ya tsaya a bakin filin. Ya kashe babur, ya jira har aka yi sallama, sannan ya je ya durƙusa.

"Malam, Mamuda ne."

"A'a, mai intalok! Kullum sai na yi maka addu'a. Tun da ido ya tafi, layinka ka nuna mani gabas."

Da ma zaginsa ya yi, da ya fi sauƙi. Mamuda ya sunkuyar da kai ya faɗi komai: turken, faifan, aikin Mairuwa. Muryarsa da aka saba ji har tsallaken titi, yau da ƙyar take fita.

Malam ya laluba ya jawo sandarsa. Bai yi faɗa ba, bai kuma ce ya yafe ba. Can ya ce, "Mu da ba mu sani ba, Allah na gani. Kai da ka sani, gobe ka taho da injinka, ka kuma hwaɗa ma jama'a da bakinka."

"To, Malam."

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe, ya ɗage ƙafarsa daga kan tsagin. Ya tsaya a tsakiyar filin da ya yi shekara tara yana limanci, yana juya fuska nan da can.

"Dama ko hagu?" in ji shi. "Kama kafaɗata ka juya ni, Mamuda. Ban san inda gabas take ba."