Tagar da Aka Kafe da Ƙusa

Ina kan layi a wurin sayar da gas na bakin garin Esquel, idona na kan wani dattijo. Dogo ne, rigar sanyinsa ta yi masa yawa, kamar da can ya fi haka jiki. Motarsa irin mai gado da murhu a ciki ce, fentinta duk ya koɗe.

Ya ɗaura sabuwar tukunyar gas, amma bai tafi ba. Yana durƙushe da tsohon buroshin aski da gwangwanin ruwan sabulu, yana shafa wa bakin tiyo, yana jira ya ga ko kumfa zai taso, alamar gas na yoyo. Babu komai. Ya sake shafawa.

Nélida mai sayar da gas ɗin ta leƙo tana dariya. "Baba Efraín, aski kake yi wa tukunyar ne? Sau uku ke nan fa. Kuma don Allah ka rufe tagar motar can, iskar nan sai ta kwantar da kai."

Sai yanzu na lura da tagar. An tokare ta da guntun katako, an kafe shi da ƙusoshi, ba ta rufuwa ko an so. A jikin ƙofa akwai gyalen ulu na mace a rataye, rana ta cinye launinsa.

Bai ɗago kai ba, ya ce, "Matata ma haka ta ce, 'yata. Sanyi take ji. Na kunna mata murhu, na rufe tagar, na tafi sayo burodi. Ko da na dawo, ba ta numfashi."

Dariyar Nélida ta ɗauke. Shi kuwa ya sake tsoma buroshin a ruwan sabulu.