Masara Huɗu a Aljihun Mai Niƙa

Ga wani dattijo can a bencin asibiti a Talata Mafara, gari ya yi masa fari fat a gira. Ko ba a faɗa ba, ka san mai injin niƙa ne. Ya karkace kai yana danna kunnen hagu, kamar zai murƙushe gyaren da ke kuka a ciki.

Na kusa da shi ya ce, "Baba, in kunne na ƙara ai ambatonka ake yi."

"Wata bakwai ana ambatona? Ni gwamna ne?"

Da layi ya zo kansa, sai ya zazzage aljihu a teburin ma'aikaciyar jinya, Sista Alice. Haka yake lissafin ciwonsa tun farkon watan nan: jar dawa ranar da kunnen ya hana shi sakat, ƙwayar masara ranar da ya lafa. Dawa tuli, masara huɗu kacal.

Ta ce, "Baba, ranakun masarar nan kuna ina?"

Ya harare ta yana huci.

"Injin ne ya lalace. To mi za ki ce, in kashe abin da ke ciyar da mutum goma sha ɗaya?"