Tukunyar Dalma a Ƙofar Ɗakin Maijego

Suna ne ya kai ni Gummi. Matar ƙanena ta haifi namiji, Inna kuma ta riga ni tafiya tun ranar haihuwa don ta yi mata wankan jego. Ni sai ana jibi suna na taso daga Nasarawa Burkullu, inda nake aure yanzu, da ƙullin daddawa da turmin atamfa. Damina ce, hanya ta ɓaci, na isa bayan la'asar ƙafafuna duk laka.

Ƙanen nan nawa shi ne autanmu, Auta muke ce masa har yau da yake da iyali. Tun yana saurayi ya koma Gummi wurin kawunmu ya koyi su, wato kamun kifi, a gulbi. Daga baya na ji an ce ya rage shiga ruwa, ya kama sayar wa masunta kayan aiki, har ya ja wutar lantarki gidansa. Na yi masa murna. Ban taɓa tambayar wane irin kaya ba ne.

Ina zaune kan tabarma a barandar ɗakin maijego, jariri a cinyata, sai yaran maƙwabta suka ɗauki ihu an kawo wuta. Auta ya miƙe zumbur, bai ko ƙarasa gaisuwar da muke yi ba.

"Yaya, tsaya ki ga abin mamaki."

Ya shiga ɗaki ya fito rungume da wani abu baƙi. Bai kai tukunyar miya girma ba, yana tsaye kan ƙafar ƙarfe, da waya a bayansa da ɗan maɓalli irin na rediyo, a ƙarƙashinsa kuma ɗan baki kamar na famfo. Ya aje shi dab da tabarmata, ya jona wayar a bango, gefen ƙofar maijego. Nan kaɗai ke da wurin jonawa a duk gidan. Na zaci abin dafa shayi ne. Har na buɗe baki zan yi masa tsiya, sai na ga ya jawo wani tsohon kwano cike da gutsattsarin ƙarfe masu launin toka yana jefawa ciki.

"Mi ne ne wanga?" na ce.

"Dalma ce. Ita nika narkawa in yi wa masunta abin da suka ɗaurawa bakin birgi, ragarsu ta kamun kifi, don ya nutse. Dā da gawayi nika yi, can bakin gulbi, cikin gwangwani. Yanzu dubi, ba hayaƙi, ba hura wuta. Ina gida zaune."

Ban ji sauran maganarsa ba. Kalmar farko ce ta tsaya mini a kunne. Na ƙara rungume jaririn.

Aurena na fari a 'Yargalma na yi shi. A shekarun da zinari ya buɗe, mijina na lokacin yana kawo duwatsu gida, ana daka su a tsakar gida, a turmin da ba shi da nisa da na hatsi. Ƙura ta lulluɓe komai, ba wanda ya ɗauke ta wani abu. Ɗana na fari yana rarrafe a cikinta. Wata safiya ya fara amai, kafin azahar jikinsa ya sanƙare, idanunsa suka juye sama. Muka ce iska ce, muka yi ta hayaƙi da rubutu. Bai kwana biyu ba ya koma. A unguwarmu kaɗai, sai da ya zama in ka ji kuka ba ka tambayar gidan wa, sai ka ɗauki mayafi. Daga baya likitoci suka zo suka ce dalma ce a cikin dutsen. Aka kankare ƙasar gidajenmu aka kwashe, aka zubo wata. Auta ya zo wurinmu a lokacin, yana nan duk aka yi wannan. Shi ya karɓi yaron daga hannuna a cikin zane ya kai maƙabarta.

Shi ne yanzu durƙushe a gabana yana murmushi. Gutsattsarin suka lotsa, suka zama ruwa mai walƙiya kamar azurfa. Ya tara wani ƙarfen zubi mai ramuka a ƙarƙashi, ya ɗaga ɗan hannu, dalma ta zubo siririya. Ya buɗe ƙarfen ya kaɗe, 'yan dunƙule kamar ƙwallon dabino suka zubo ƙasa. Sannan ya ɗauki cokali ya yaye wani datti da ya taso a saman tukunyar, ya watsa shi gindin bango, inda kaji ke tono. Kusa da wurin an shanya shinkafa.

Na miƙa wa Inna jariri na tashi. A lokacin na lura da babbar 'yarsa, wadda aka yaye ba da jimawa ba. Tana zaune bakin rijiya, kumatunta ɗaya a kumbure, yawu na dalala. Na je na matse bakinta na sa yatsa. Abin da na zaro dunƙulen dalma ne, ya yi sumul saboda tsotso.

Uwarta ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ƙyale ta, Yaya, haƙora take yi. In ta sa wannan a baki shi ne muke samun lafiyarta."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka kawo tukunyar, wajen ƙaramar salla."

Ban san na yi ƙara ba sai da na ga kaji sun watse. Na fizge wayar daga bango. Auta ya tashi tsaye yana kallona kamar na taɓu.

"Yaya, lahiya? Za ki lalata man abu!"

"Kai ka ɗauki ɗana zuwa kabari! Mi ya kashe shi?"

"Gubar dutse."

"Wace guba ce cikin dutsen?"

Ya ce, a hankali, kamar mai lallashin mara lafiya, "Waccan ai ƙura ce, Yaya. Ta ƙasa ce, mai datti. Wagga tatacciya ce, daga baturin mota nika cire ta. Kuma wuta na kashe duk abin da ke ciki. Mai saidawa ya ce man a ƙasashen waje cikin gida suka amfani da ita."

Wannan ya fi komai girgiza ni. Ba taurin kai yake yi ba, ba kuma kwaɗayi ba ne ya rufe masa ido. Da gaskiyarsa yake magana. Mutumin da ya ga ƙananan kaburbura jere, bai taɓa haɗa abin da ya kashe su da abin da ke cikin kwanonsa ba. Na tambaye shi ina yake fasa baturan. Ya nuna mini bayan ɗakin girki. Na je na ga ɓawonsu tsibi guda, ƙasar wurin ta yi fari-fari, ko ciyawa babu, ga sawun ƙananan ƙafafu a kai. Ina dawowa na tarar matarsa ta aiko a miƙo mata cokalin nan, za ta dama wa yarinyar koko. Shi kenan cokalin ƙarfe babba a gidan. Sukan ɗauraye shi su mayar cikin kwanuka.

Inna ce ta fara kama ni da faɗa. Ta ce na zo gidan suna da baƙin baki, in bari a yi taro lafiya, mutuwa ta Allah ce. Na ce, "Inna, ke kin manta yadda jikanki ya yi?" Ta ɗora idonta kan yarinyar, ta daɗe tana kallo, sai ta ce da maijego, "Wai ba ita kinka ce tana kukan ciki ba ta cin abinci ba?" Maijego ta ce e, ta rame ma, sun ɗauka kishin ƙani ne.

Ranar suna Auta bai yi mini magana ba. Bayan an raɗa suna an ci abinci, abokansa masunta suka matsa sai ya nuna musu tukunyar. Ina daga cikin ɗaki ina jin su suna salati suna dariya, wani na tambayar a wace kasuwa ake samunta, yana son irinta don gidansa ma akwai wuta. Na ciji leɓena har ya yi jini. Ban fita ba, saboda na riga na yanke abin da zan yi.

Washegari da hantsi na goya yarinyar na ce Anka za ni, inda na san ana auna jinin yara tun wancan lokacin. Auta ya tsaya a zaure ya tare hanya. Ya ce hanya ba lafiya, ana tare motoci, kuma 'yarsa ce. Na ce ai 'yarsa ce, shi ya sa nake son ya biyo ni. Muka tsaya haka. Daga baya ya koma ciki ya sako hula.

A asibiti wata malama ta wanke wa yarinyar hannu sosai, ta huda yatsarta ta ɗebi ɗigon jini. Da sakamako ya fito sai ta fita ta kira likita. Shi ya zaunar da mu ya tambaya ko ana daka dutsen zinari a gidan. Auta ya ce a'a, da sauri, har da ɗan jin daɗi. Sai na ce ya faɗi abin da yake yi. Yana faɗa likitan ya aje biro. Ya ce jinin yarinyar ya ɗauki dalma da yawa, dole a kwantar da ita, a kawo uwar da jaririn su ma a duba. Ya ce magani ba zai yi amfani ba in za ta koma kan ƙasar da ta fito.

Auta ya tambaya, muryarsa ta sauya, "Likita, ita ce irin ta 'Yargalma?"

"Ita ce. Dalma ɗaya ce."

Ya fita waje. Da na bi shi na same shi tsugune a gindin katanga ya kifa kai, hularsa a ƙasa, yana ta maimaita innalillahi. Ban taɓa ganinsa haka ba. Na yi zaton zan ji sanyi a raina don ya yarda, amma ban ji ba. Na tsuguna kusa da shi kawai.

Ni na zauna jinya, shi ya koma Gummi. Inna ta ba ni labari cewa shi kaɗai ya kankare tsakar gidan da shebur, ya hana kowa taɓawa, ya kwashe ƙasar a buhuna, ya zubo sabon yashi, ya shafe baranda da siminti. Shinkafar da aka shanya ya binne ta, kajin ma bai bari an ci ba. An duba uwar da jariri, nasu bai kai nata ba.

Bai bar sana'ar ba, ita ce abincinsa. Ya kama rumfa a bayan kasuwa, kusa da masu cajin waya, can yake jona tukunyarsa. Yana wanka ya sauya kaya kafin ya shiga gida. Ya bi gidan abokin nan da ya ce yana son irinta ya yi masa bayani, amma mutumin ya riga ya saya, kuma ya ce 'ya'yansa lafiyarsu lau.

Yarinyar ta rayu. Yanzu tana zuwa islamiyya, tana da fara'a da son mutane. Sai dai karatu ba ya zama mata, abin da aka biya mata da safe kafin yamma ya tafi, ƙanenta har ya wuce ta. Zuwana na ƙarshe uwarta ta ja ni gefe, ta rage murya ta ce, "Yaya, kina ganin abin nan ne, ko dai haka Allah ya yi ta?"

Na ce mata ban sani ba. Har yau ban sani ba.