Na Tilasta wa 'Yata Ta Gaida Wadda Ta Azabtar da Ita

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ɓoye sunana, domin waɗanda zan yi magana a kansu duk suna raye, kuma jinina ne. A lokacin da wannan abu ya faru ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Badafi. Da damina ina gona, da rani kuma ina biya wa magidanta karatun Alƙur'ani a ƙofar gida bayan la'asar. Mutane kan kawo mini rigimar aure da ta iyakar gona in sasanta, har ni ma na ɗauka na san rayuwa. Matata ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, ta bar mini 'ya ɗaya mai shekara shida. Bayan sadakar arba'in dangi suka ce namiji ba zai iya da 'ya mace shi kaɗai ba, sai yayata da ke aure a Tudun Wada ta ce a ba ta riƙo. Da hannuna na miƙa mata ita, har ina godiya.

Shekara biyu da rabi yarinyar ta yi a can. Ranar kasuwa nakan leƙa su, in tarar da ita tana wanke-wanke, ta gaishe ni kanta a ƙasa. Yaya ta ce hankali ta fara yi, ni kuma na yarda don abin da nake son ji ke nan. Wata maƙwabciyarsu ce ta tare ni a bakin titi, ta ce in ina tsoron Allah in ɗauke 'yata tun tana da rai. Ranar da na dawo da ita, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta tuɓe ta za ta yi mata wanka, sai na ji ta ɗauki salati. Tabon ƙuna ne a bayanta da cinyoyinta, na cokalin da aka ɗora a wuta. Daga baya muka ji cewa in ta fasa kwano akan kulle ta a ɗakin ajiyar hatsi yini guda ba abinci. Inna ta aika aka kira Yaya, ta zo ta yi kuka ta ce tarbiyya ce ta wuce gona da iri. Inna ta ce a rufa asiri, kada maganar ta fita zaure. Na yi shiru, shirun nan kuwa amincewa ce.

Tabo ya bushe amma yarinya ba ta dawo ba. Ba ta magana sai da kai. Tana ɓoye tuwo a ƙarƙashin tabarma har ya yi tsami, tana fitsarin kwance, in aka rufe ƙofa tana ciki sai ta fasa ihu. Na ce iska ce ta taɓa ta. Wata biyar ina mata rubutu da tofi da hayaƙi. Da na gaji, sau biyu na ɗauki bulala saboda ɓoye abincin. Ba ta yi kuka ba, miƙo hannu kawai ta yi ta rufe ido, kamar wadda ta saba. Sai da zazzaɓi ya kai mu asibiti a Kafin Maiyaki, wata nas ta rufe ƙofa za ta duba ta, yarinyar ta shige ƙarƙashin gado. Nas ɗin ta dube ni da kyau ta ce wannan ba aljanu ba ne, ba hauka ba ne kuma, tsoro ne ya zauna mata a jiki, kuma akwai masu maganinsa. Na tambaya a Kiru, na tambaya a Bebeji, ban sami wanda ya san inda ake yi kusa da mu ba. Dole sai cikin Kano.

Duk bayan sati biyu sai mu hau babur zuwa bakin titi, mu shiga mota, mu bi layi a asibiti. Likitar mace ce mai sanyin murya. Na zaci allura za ta yi ko ta rubuta ƙwaya, sai na ga ta shimfiɗa tabarma ta zube takardu da fensir mai launi da 'yar tsana, ta zauna a ƙasa tana kallon yarinya tana zane. Zuwa na uku raina ya ɓaci. Na ce mata, "Likita, na bar shinkafata ciyawa na cinye ta, na zo nan ana wasan yara?"

Ta ce, "Malam, bakinta ne aka rufe da duka. Da hannu za ta fara gaya mana, in ka ba ta lokaci."

Ta kafa mini sharuɗɗa. Kada a ƙara dukanta ko a yi mata tsawa, a bar ƙofa a buɗe, a ba ta ɗan kwano mai murfi a zuba mata abinci a ce nata ne ba mai taɓawa. Na ƙarshe, wanda ta maimaita har sau uku, kada a haɗa ta da gwaggonta sai ranar da yarinyar da kanta ta ce ta shirya. Na bi ina gunaguni. Cikin wata huɗu sai ga canji. Ta daina ɓoye tuwo, ta fara kirana Baba da murya, wata rana har na jiyo dariyarta tana kora awaki. Na sa ta a firamare.

A nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Magana ta bazu a ƙauye cewa ina kai 'yata asibitin mahaukata. Inna ta ce ina ɓata wa yarinya suna, gobe wa zai aure ta, tunda ta warke a bar zuwan haka nan. Na tsallake zuwa biyu. Sai bikin ƙanena ya taso, Yaya ta zo gidanmu. Dattawa suka sa ni a tsakiya suka ce ni da nake sasanta mutanen waje, kunya ce a ce gidana da gaba. Na shiga ɗaki na kamo hannun yarinyar, na kai ta tsakar gida cikin mata, na ce ta durƙusa ta gaida gwaggonta. Ta ɗago ta ce, "Baba, don Allah." Na danna kafaɗarta. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, Yaya ta shafa kanta ta miƙa mata alkaki, mata suka ce alhamdu lillahi komai ya wuce. Kafin magariba yarinyar ta yi amai a bayan rumbu. Sati bakwai ba ta ƙara furta kalma ba, duk abin da ya tafi ya dawo, har da sabo: in na shigo gida sai ta laɓe bayan Inna.

Da kunya na koma wurin likitar. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta zaunar da ni ni kaɗai ta ce a da yarinyar mutum ɗaya take tsoro, yanzu ta gane wanda take fakewa da shi ma zai iya miƙa ta. Ta ce sai an fara daga baya da inda aka faro, kuma ni ma sai na riƙa zama da ita likitar, don gidan ne gaba ɗaya yake bukatar magani. Fiye da shekara muka ƙara muna wannan hanya. A ɗaya daga cikin zaman ta ce in nemi gafarar 'yata da bakina. Ban taɓa jin uba ya yi haka a garinmu ba, amma na yi. Yarinyar ta daɗe tana murza fensir, sannan ta ce, "In ta sake zuwa gidanmu fa?" Na ce ba za ta shigo ba. Da babbar salla ta zo Yaya ta sauka daga babur da ledar tsaraba, na tsaya a bakin zaure na ce ta yi haƙuri ta koma. Har yau wasu dangina ba sa amsa sallamata da kyau, Inna ma ta yi wata biyu ba ta cin abincin da na kawo.

Yanzu 'yata tana ƙaramar sakandare, tana da ƙawaye, tana hira da ni. Amma har yau ba ta kwana da ƙofa a rufe, Yaya kuwa ba ta taɓa cewa ta yi laifi ba. Abin da ke cin raina shi ne duk wanda ya matsa mini a lokacin, mutuncin gida yake karewa, babu ko ɗaya da ya tambayi yadda yarinyar take ji, har da ni. Ban daina addu'a ba, amma na gane addu'a ba ta hana neman masani. Iyaye, in kun ba da riƙo ku duba jikin ɗanku da idonku, kada ku tsaya ga gaisuwar tsakar gida. In yaro ya yi shiru bayan an cuce shi kada ku ce ya manta. In kun sami mai taimaka masa, kada surutun mutane ya sa ku yanke a tsakiya. Kuma kada ku sayi zumunci da yaron da aka zalunta. Manyan da suka yi mini tafi ranar bikin duk sun watse kafin dare, 'yata ce ta kwana da abin, ita kaɗai.