Ƙyauren da Bai Suturta Mahaifina Ba

Haƙƙi ne a kan ɗa ya suturta mahaifinsa a ranar da ƙarfi ya ƙare masa, kuma haƙƙi ne a kan masu riƙe da jama'a su bar amana ta isa hannun mai ita. Ina rubuto muku ne domin duka biyun sun tozarta a kan idona. A shekarun da jirgin ƙasa ya iso Kano amma bai ƙaraso ƙasarmu ba, ni matashin magatakarda ne a Gumel, na yi karatun allo da na boko, ina ganin babu abin da tsari ba ya warwarewa. A lokacin ne ɓarin jikin mahaifina ya shanye. Malami ne da ake ɗaukar karatu a wurinsa, ya kuma ƙi yarda a mayar da shi cikin gida, ya ce shi da littattafansa a zaure za su ƙare.

Tsakanin zauren da ƙaramin ɗakin da yake kwana akwai ƙofa marar ƙyaure, gadonsa kuma ya tokare wurin, ƙyaure mai faɗi ba zai buɗu ba. Kullum sai mun sallami almajiransa, dattawa masu furfura, kafin a yi masa wanka ko a kai masa kaskon bahaya. Na taɓa ganin ƙyaure mai ninkewa biyu a wani kanti a Kano, sai na sa masassaƙi ya fitar mini da fallen katako biyu, na goge su da hannuna. Mahaifina ya yi dariya da rabin bakinsa, ya ce ashe bokon nan har ƙofa yake mayarwa littafi.

Saura ƙarafunan da za su haɗa fallayen su riƙa juyawa. Na je maƙera, na tarar hadari ya fara haɗuwa, kuma al'adarsu ce idan damina ta ƙarato ba sa taɓa komai sai fartanya da garma. Babbansu ya ce in yi haƙuri, Malam ubansu ne su ma, amma idan suka ajiye fartanya saboda ƙofa, da kaka ƙofar za mu tuƙa mu ci? Ban ga laifinsa ba. Sai na roƙi wani bafatake mai kai fatu Kano ya sayo mini mahaɗan ƙarfe na kanti da ƙusoshinsu masu murɗi, da ƙaramar sakata. Ya sayo. A hanyar dawowa ya yada zango a wani ƙauye kusa da Gagarawa, inda ake gyaran masaukin baƙi domin wani Bature mai rangadi. Wakilin mai garin ya kwance kayansa, ya ga ƙarafunan, ya ce Allah ne ya kawo su. Bafataken ya faɗa masa na marar lafiya ne, ya amsa cewa marar lafiya ba ya gudu, Bature kuwa gobe zai sauka.

Na bi sawu har ƙauyen, na ga ƙarafunana a jikin tagar masaukin da aka kwana ɗaya a ciki aka rufe. Na yi magana da ladabi, aka ce in jira mai gari. Mai gari ya ce bai san zancen ba, in nemi wakili. Wakili ya tafi Maigatari cin kasuwa. Na komo hannu wofi.

Da na rasa yadda zan yi, na sa baduku ya yanko ƙirin shanu, na kafe fallayen da shi, na ɗaure ɗaya a jikin azarar ƙofa. Da farko ya yi kyau, har mahaifina ya sa mini albarka. Da ruwa ya zauna, fatar ta sha danshi ta saki. Wata ranar Laraba da hantsi, ina tsakiyar yi masa wanka, zaure cike da almajiransa, fallen waje ya zame ya faɗi. Dattawan nan suka sunkuyar da kai, suka fice ɗaya bayan ɗaya. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce dai in rufa masa zane, in kuma faɗa musu karatu ya ƙare. Washegari ya ce a mayar da shi cikin gida, bai sake karɓar baƙo ba har ya rasu kafin a yanke gero.

Abin da na koya shi ne, kada mutum ya jingina mutuncin majinyacinsa a kan abin da bai riga ya shigo hannunsa ba, kada kuma ya amince wa fata da damina. Masu ɗaukar kayan matafiya da sunan hidima kuwa su sani ba su san abin da suke yayewa ba. Ina roƙon magabata, cikin girmamawa, su binciki wanda ya ba wakilin nan izinin kwance kayan bafatake. Idan wakilin yana raye, a kira shi a faɗa masa ƙofar wa ya ɗauke.