Rediyon Baba a bakin fili

Ana zura min ƙwallo a raga, sai na hango Baba yana tsallen murna.

Shekarun alif ɗari tara da tamanin ne. Ni ne golan Dutsen Kura, muna karawa da 'yan Paiko da ƙarfe huɗu, kuma ƙarfe huɗun nan aka saka wasan 'yan jiharmu a lig na ƙasa. Kowa ya tafi can. Baba ya zo nawa, rediyo a kunne.

Da aka tashi na ce, "Baba, ni fa aka ci."

Ya ce, "'Yan jiharmu suka ci a rediyo. Masu tsara wasannin nan so suke in rabu biyu?"

Bai sake zuwa da rediyon ba. Jiya na tsince shi cikin kayansa, Allah ya jiƙansa.

Ku fa, wa ya taɓa barin babban wasa saboda naku?