Jar Motar da Baba Ya Tsaga wa Murfi

Ranar wata Juma'a ce, a tsakiyar bazarar shekarar da na gama famfara, tun gulbin Kwara na gudunsa ba a tare shi a Kainji ba. Ina wanke-wanke a ƙofar maƙerar Baba, a ƙauyenmu na bakin ruwa kusa da Yelwa, sai ga yara sun turo wata 'yar jar mota marar rufi suna ihu. Gajera ce kamar za ta kwanta ƙasa, mazauninta biyu kacal, hancinta dogo, tururi na fita ta ƙarƙashinsa kamar an buɗe tukunyar dambu. Mai ita Malam Isa ne, mai awon gyaɗa, abokin Baba tun yarinta. A hannun wani Bature da zai koma gida ya saye ta bayan ta tsufa, kuma tun da zafi ya shigo ba ta yin nisa sai ruwan cikinta ya tafasa.

"Maƙeri," in ji shi yana sharce gumi, "ko ka yi mata magani, ko in bar maka ita ka yi fartanyu."

Lokacin Inna ba ta gida. Tun kaka tari ya kama ta, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita Shanga neman magani. Ni kaɗai ce ɗiyarsu. Ni ke shara, ni ke ɗebo ruwa a gulbi, in na gama in tafi gidan Gwaggo Hajo, yayar Baba, in taya ta jera kifi a kan banda, inda take ƙyafe shi da hayaƙi. Da yamma 'yan mata na gaɗa a dandali, ni kuwa ina zaune a ƙofar ɗakin Inna, na rungume wani tsohon zanenta da har lokacin yake ƙamshin man kaɗe. Baba ba shi da halin kai ni, don manoma sun tara masa garemani suna so kafin ruwa ya sauka. Malam Isa ya san haka. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ran da wannan ja'irar ta daina tafasa, ke za ki fara shiga. Shanga za mu, ki ga Innarki."

Baba mutum ne da ya tashi a gaban zuga-zugi. Abin da ya sani shi ne iska ke ƙara wa wuta ƙarfi. Da ya ɗaga murfin injin ya ga 'yan kafofi a gefe da ƙasa, sai ya ce ga ciwon nan, iska ce ke zuga ta. Ya yanko gwangwani ya toshe su, ya bi da laka ya liƙe. Aka jira laka ta bushe. Da aka tayar da ita, ko bakin kasuwa ba ta kai ba ta tafasa fiye da dā. Baba ya ce akwai kafar da bai gani ba, ya sake liƙewa. A haka kasuwa ta ci ta sake zagayowa, ni kuwa kullum da safe sai na wanke zanena na shanya, ko yau ne.

Gwaggo Hajo ce ta kawo masa kifi ta tarar da shi cikin laka har gwiwar hannu. Ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Kai, Audu, wutarka so kake ta ci, wannan so kake ta huce. Ka taɓa ganin na rufe bandata ruf? Zafi sama yake nema, ka ba shi hanya mana!" Baba ya miƙe. Ya ɓamɓare lakar, ya cire murfin ya kifa shi a kan yashi, ya ɗauki kurfin yankan ƙarfe da masaba. Malam Isa ya juya baya, ya ce ba zai iya kallo ba. Baba ya tsaga layi-layi a saman murfin, kamar kunnen kifi, ya ɗan ɗaga leɓen kowace tsaga tana kallon baya, yadda zafi zai fita in ana gudu.

Washegari na hau. Gwaggo ta ɗaure min ƙyafaffen kifi in kai wa Inna. Ina miƙa hannu gaba ina jin iska mai zafi tana fitowa ta tsagogin Baba tana dukan tafina, ina dariya. Har Shanga ba ta tafasa ba.

Tabarmi muka tarar a ƙofar gidan su Inna, maza na zaune. Kakata ta fito ta kama kaina ta haɗa da ƙirjinta. Jiya da la'asar aka kai Inna makwancinta, in ji ta. Wayyo Allah, jiya-jiya. Na dawo a mazaunin nan da kifin a cinyata, Malam Isa na tuƙi har gida.

Ni da Baba ba mu taɓa yin maganar lakar nan ba, kuma ban taɓa riƙe shi a rai ba. Da motar ta mutu bayan 'yan shekaru, Baba ya roƙi murfin ya yi ƙyauren maƙerarsa da shi. Da safe rana kan shigo ta tsagogin layi-layi, sai in gan shi ya ajiye masaba yana kallonsu.

Yanzu ƙauyen yana ƙarƙashin tafki, da maƙerar, da ƙyauren. Baba ya rasu, Gwaggo ta rasu, bara maigidana ma ya bi su, ya bar ni a ɗaki ina kuka ba mai cewa in yi shiru. Yarinyar maƙwabta da ke rubuta min wannan ta ce tun da aka ba mu jihar Kebbi motoci sun yi yawa, in na bar Yelwa da hantsi, kafin azahar ina Shanga. Na yarda da ita. Sai dai ba ni da wanda zan kai wa kifi.